Jiya Kore, Yau Ja: Yadda Gwajin Saitin Uwar Garke Ke Tsufa

Da safiyar Litinin, 1 ga Yulin 2024, wani matashi da muke aiki tare a Samaru ya same ni da kwamfutarsa a buɗe, fuskarsa babu walwala, ya ce, "Malam, wallahi ban taɓa komai ba. Ranar Juma'a da na tashi duk layukan kore ne, yau kuma ga na CentOS 7 ya koma ja." Layukan da yake nufi su ne sakamakon gwajin saitin kwamfutocinmu, kore in ya wuce, ja in ya faɗi. Na duba tarihin canje-canjen, na tarar gaskiya ya faɗa, domin ko harafi ɗaya ba a sauya ba. Abin da ya faru shi ne ranar Lahadi, 30 ga Yuni, wa'adin CentOS 7, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, ya cika, aka rufe adireshin da kwamfutoci ke tuntuɓa domin a nuna musu rumbunan manhajoji, saboda haka gwajin ya faɗi tun daga bakin ƙofa, bai ma kai ga aikin da aka rubuta shi domin ya auna ba. Duk wanda ke kula da kwamfutocin uwar garke, wato waɗanda ke ɗauke da shafuka da bayanai suna yi wa sauran kwamfutoci hidima, zai gamu da irin wannan safiya, kuma matakin da ya ɗauka a ranar shi ke nuna ko gwajinsa zai ci gaba da amfani, ko kuwa zai zama ado.

Ga wanda bai saba da harkar ba, da Ansible muke yin wannan saiti. Ansible manhaja ce da Michael DeHaan ya fitar a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015. Aikinta shi ne maimakon ma'aikaci ya riƙa shiga kowace uwar garke yana buga umarni da hannu, sai ya rubuta a fayil yadda yake son kwamfutar ta kasance: a girka manhaja kaza, a ajiye fayil kaza a wuri kaza, a tayar da sabis kaza, wato manhajar da ke gudana koyaushe a bayan fage. Ita kuma Ansible ta shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta aiwatar, tana amfani da Python, harshen rubuta manhaja, da ke cikin waccan kwamfutar. Idan aka tattara umarnin aiki guda, misali na girka Apache, manhajar da ke fitar da shafukan intanet, ko na daidaita agogo, aka ɗaure su wuri ɗaya yadda za a iya ɗauka a kai wa kowace kwamfuta, shi ne abin da masu aikin ke kira rol. Ni na fi son in kira shi dami, domin kamar damin gero yake, an ɗaure shi ne saboda ya yi sauƙin ɗauka da ajiyewa.

Matsalar tana farawa ne daga inda dami ɗaya zai yi aiki a manyan manhajoji daban-daban. A wurarenmu wannan ba zaɓi ba ne, gado ne. Ka shiga ofis a Kongo ko Tudun Wada ka tarar da Ubuntu wadda wani ɗan bautar ƙasa ya girka shekarun baya ya tafi, a ɗaki na gaba ga CentOS da ɗan kwangila ya bari, ga kuma wata da aka yi haya a ƙasar waje tana tafiya da Debian. Dukansu Linux ne, amma gidaje biyu ne manya, gidan Debian da ya haɗa da Ubuntu, da gidan Red Hat da ya haɗa da CentOS da Rocky Linux da AlmaLinux, kuma kowane gida da sunayen da yake kiran abubuwa. Manhajar Apache da gidan Debian ke kira apache2, gidan Red Hat httpd yake ce mata. Can tana gudana da sunan www-data, nan da sunan apache. Can ana girka ta da apt, nan da dnf ko yum. Sabis ɗin shiga daga nesa sunansa ssh a wancan gida, sshd a wannan. Rukunin masu ikon gudanarwa can sudo ne, nan wheel. Ko chrony mai daidaita agogo, fayil ɗin saitinsa ba wuri ɗaya yake zaune ba a gidajen biyu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da wuya shi kaɗai, amma idan suka taru a dammuna ashirin, babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe su duka. Gwanayen aikin kan ware waɗannan bambance-bambance a fayil na musamman ga kowane gida, su bar jerin umarnin ya zama ɗaya, Ansible ta zaɓi fayil ɗin da ya dace bayan ta tambayi kwamfutar ko 'yar wane gida ce. Na ga dammunan da aka cika kowane layi nasu da sharaɗin "in Debian ce, yi kaza", kuma su ne suka fi saurin rikicewa, domin duk sabuwar siga da ta fito sai an bi layi-layi ana ƙara faci.

A nan ne Molecule ke shigowa, manhajar da aka fi amfani da ita wajen gwada dammunan Ansible. Tsarinta mai sauƙin fahimta ne. Tana ƙirƙiro sabuwar kwamfutar gwaji, galibi kwantena ta Docker ko Podman, wato keɓantaccen ɗaki a cikin kwamfuta da ke kwaikwayon kwamfuta mai zaman kanta, ta shirya ta, ta aiwatar da damin a kanta, ta sake aiwatarwa karo na biyu, ta bincika sakamako, sannan ta rushe kwantenar. Ana maimaita haka ga kowace babbar manhaja da aka lissafa, kuma idan an haɗa shi da GitHub Actions ko GitLab, dandamalin intanet masu gudanar da gwaji, duk lokacin da wani ya yi canji gwajin zai tashi da kansa, ya nuna kore ko ja.

Wannan aiwatarwa ta biyu ita ce zuciyar lamarin, kuma ita ce matasa suka fi raina wa. Ƙa'idar ita ce idan kwamfuta ta riga ta kai yanayin da ake so, maimaita damin bai kamata ya sauya komai ba. Adadin canje-canje ya zama sifili. Dalilin a fili yake: a aikin gaske ana aiwatar da dammuna sau da yawa a kan kwamfutar da mutane ke amfani da ita, kuma damin da ke ganin "an canza" a kowane zagaye zai riƙa kashe sabis yana sake tayarwa babu dalili, ko ya riƙa ƙara layi iri ɗaya a fayil har ya lalata shi. Ka ɗauka shafin rajistar ɗalibai ne, ga layi har waje, sabis ɗin kuma yana yankewa duk sanda aka taɓa saitin. Yawancin faɗuwa a wannan mataki daga umarnin da aka buga kai tsaye da command ko shell take fitowa, saboda Ansible ba ta da hanyar sanin ko sun sauya wani abu, don haka kullum takan ce sun sauya. Akwai gyara na gaskiya, wato a gaya mata fayil ɗin da umarnin ke samarwa domin ta tsallake idan ta gan shi, ko a rubuta sharaɗin da ke duba amsar umarnin. Akwai kuma gyara na yaudara, wato a rubuta changed_when: false a kan umarnin da a zahiri yake sauya abu. Gwajin zai koma kore nan take, amma kitso ne aka yi a kan ƙwarƙwata, kuma ina ganin wannan ya fi rashin gwajin muni, domin wanda ba shi da gwaji ya san yana cikin duhu, yana taka-tsantsan.

Matakin bincike shi ma yana da tarkonsa. Sau da yawa mutum kan rubuta a dami "a girka Apache", sannan ya rubuta a gwaji "a duba ko an girka Apache". Wannan Ansible aka gwada, ba damin ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne abin da mai amfani zai tambaya: idan aka ƙwanƙwasa ƙofa ta 80, wadda ta nan ake neman shafukan intanet, shafi yana fitowa? Idan baƙo ya nemi fayil ɗin da ba nasa ba, ana hana shi? Gwajin da aka gina kan irin waɗannan tambayoyi, ko da Ansible aka rubuta shi ko da Testinfra, wata manhajar bincike, yana da wata fa'ida babba, wato bai damu da ko sunan manhajar apache2 ne ko httpd ba, saboda haka rubutu ɗaya ya ishi gidajen biyu, kuma ba ya tsufa da wuri.

Idan gwaji ya koma ja, daga ɗayan wurare uku laifin yake: ko daga damin, ko daga babbar manhajar da ta sauya, ko daga kayan gwajin kansu. Na farkon ne kaɗai mutane ke zato, alhali a ganina biyun ƙarshe su ke cinye mafi yawan lokacin mai kulawa.

Labarin CentOS ya isa misali. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS Linux 8, wadda mutane suka girka da tsammanin za a kula da ita har 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Daga wannan ne aka sami Rocky Linux, wadda Gregory Kurtzer ya jagoranta, da AlmaLinux, duka a 2021, sai jerin gwajin mutane ya ƙaru da layi biyu lokaci guda. Akwai kuma sauye-sauyen da ba a yi musu shela irin haka ba. Debian 12, wadda ta fito a Yunin 2023, ta hana pip, magirkin kayan Python, girka su kai tsaye cikin jikin babbar manhajar, sai dai a keɓe musu wuri nasu, kuma Ubuntu 24.04 ma haka take. Duk damin da ya saba yin hakan ya faɗi. A Debian 12 ɗin dai an daina girka rsyslog, mai rubuta saƙonnin kwamfuta a fayil, tun farko, don haka gwajin da ke leƙa /var/log/syslog yana neman wani saƙo sai ya tarar babu fayil ɗin ma gaba ɗaya. Ubuntu kuwa tun daga 22.10 ta sauya yadda SSH ke tashi, ta ɗora sauraron ƙofar a kan systemd, manhajar da ke tayar da sabis-sabis, abin da ya rikita dammunan da ke sauya lambar ƙofa su sake tayar da sabis kamar yadda aka saba. Babu wanda ya yi kuskure a cikin waɗannan; ƙasar ce ta motsa a ƙarƙashin ginin.

Wanda ya fi matse mu shi ne na Python. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, amma CentOS 7 da ita take tafiya, gidan Red Hat na 8 kuma kayan dnf ɗinsa a ɗaure suke da Python 3.6. Da ansible-core 2.17, wato siga ta 2.17 ta ainihin injin Ansible, ta fito a 2024, sai ta daina aiki da waɗannan sigogi biyu a kwamfutocin da ake sarrafawa. Ma'anar haka ita ce wanda ke da tsofaffin kwamfutoci dole ya tsaya a 2.16 saboda su, yayin da sababbin ke jan sa gaba. Daga nan jerin gwaji ya daina zama layi, ya zama tebur: manyan manhajoji a tsaye, sigogin Ansible a kwance. Lissafin ba ya da wuya. Manyan manhajoji 5, sigogin Ansible 2, yanayin gwaji 3, ya ba ka zagaye 30 ga dami ɗaya. Idan dammuna 20 gare ka, zagaye 600 ke nan. Wanda bai zauna ya yi wannan lissafi ba tun farko zai wayi gari gwajinsa na cin sa'o'i, abokan aiki su gaji da jira, su fara tura canji ba tare da sun ga sakamako ba.

Sai kayan gwajin. Kwantena ba cikakkiyar kwamfuta ba ce. Aron zuciyar babbar manhajar da ta ɗauke ta take yi, wato kanel. Asali ma ba a yi ta domin ta tafiyar da systemd ba, alhali dammunanmu kusan duka sabis suke tayarwa, don haka sai an nemi samfuri na musamman da ake gina kwantenar daga gare shi, irin waɗanda Jeff Geerling, wani marubuci kan Ansible, ke wallafawa, an kuma ba kwantenar wasu iko na ƙari. Da manyan manhajoji kamar Debian 11 da Ubuntu 22.04 suka koma tsarin cgroup na biyu, wato sabuwar hanyar da kanel ke raba wa manhajoji ƙarfin kwamfuta, sai kwantenar CentOS 7 ta daina tashi a kansu, saboda systemd ɗinta siga ta 219 ce, ba ta san sabon tsarin ba. Mu dai sai da muka ware wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu 20.04 domin wannan gwaji kaɗai. Kafin wannan, a Nuwambar 2020, Docker Hub, rumbun samfuran kwantena, ya iyakance wa waɗanda ba su yi rajista ba saukar da samfuri 100 cikin sa'o'i 6, a daidai lokacin da Travis CI, wani dandalin gudanar da gwaji, ya taƙaita aikin kyauta, mutane da yawa suka kwashe kayansu zuwa GitHub Actions.

Abin da ya fi damuna game da kwantena shi ne abin da ba ta gani. Tunda kanel ɗin na aro ne, ba za ta nuna maka gaskiyar SELinux ba, wato tsarin tsaro mai iyakance fayilolin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, wanda gidan Red Hat ke kunnawa tun daga girkawa, haka nan katangar tsaro da saitin kanel da abin da zai faru bayan an kashe kwamfuta an kunna. Na taɓa kai dami wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba, gwajinsa kore a layi biyar, ya ajiye shafukan makarantar a wata jaka da ba ita Apache ta saba da ita ba. A kwantenar Rocky Linux shafin yana buɗewa lafiya. A kwamfutar gaske kuwa amsar 403, wato an hana shiga, kawai take fitowa, domin SELinux bai ga tambarin da ke halatta wa Apache karanta wannan jaka ba. Wanda ke kula da ɗakin ya ce mini, "Ranka ya daɗe, a kashe SELinux ɗin kawai mana, ai shi ne matsalar." Na fahimci gaggawarsa, sakamakon jarrabawa ake jira, amma kashe shi cire ƙyauren gida ne saboda makulli ya ƙi buɗewa. Muka ƙara wa damin umarnin da ke buga tambarin da ya dace, daga ranar kuma duk damin da ya shafi SELinux ko katangar tsaro sai mun gwada shi a cikakkiyar kwamfutar kwaikwayo ta hanyar Vagrant, duk da tana da nauyi kuma tana jan lokaci.

Mu a Zariya muna da ƙarin wani nauyi da littattafan koyarwa ba sa lissafawa, wato wuta da data. Kowane zagaye sai ya sauko da ƙunshin manhajoji daga intanet, kuma idan layin ya yanke ana tsakiyar saukarwa, gwajin zai yi ja ba tare da laifin kowa ba. Idan aka ɗauke wuta kafin a kai matakin rushewa, kwantenoni kan rage a tsaye, su dagula zagaye na gaba. Hatsarin irin wannan faɗuwa shi ne sabo: mutum ya ga ja, ya ce "netwok ne", ya sake dannawa, har ranar da jan na gaske ne ya wuce shi da wannan magana. Abubuwa biyu suka taimaka mana. Mun mayar da babban gwajin can kan kwamfutocin GitHub, inda daga nan rubutu kaɗan kawai muke turawa, sannan a ofis mun kafa ma'ajiya da apt-cacher-ng tare da rumbun samfuranmu, ta yadda abin da aka sauko da shi sau ɗaya ba a sake sayen data a kansa. Mun kuma sa wa matakan saukarwa damar sake gwadawa sau uku, amma matakan bincike ba mu ba su wannan dama ba, domin binciken da sai an maimaita yake wucewa yana ɓoye wata cuta ne.

Wanda ya tashi a cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka ko Kwarbai, ya san ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a juya masa baya. Kowace shekara kafin damina sai an duba indararo an sabunta yaɓe, kuma gidan da aka bari shekara biyu ko uku bango ne zai fara zubewa. Haka muka tsara namu aikin. Gwajin yau da kullum, wanda ke tashi da kowane canji, layi biyu kawai yake bi, ɗaya daga kowane gida, kuma an ɗaure sigogin Ansible da Molecule da ansible-lint, mai duba kurakuran rubutun dami, a lamba guda, domin idan ya yi ja mu san daga hannunmu ne. Sau ɗaya a mako kuma, daren Lahadi, cikakken teburin yana gudana ko da babu wanda ya taɓa komai, wannan karon da sababbin sigogi, domin idan duniya ta motsa mu ji a ranar Litinin, ba sai ranar da wani aiki na gaggawa ya taso ba. Kalanda ma a bayyane take ga mai son dubawa: Ubuntu tana fitar da siga mai dogon wa'adi a watan Afrilun kowace shekara biyu, da kulawar shekara biyar, Debian kusan duk shekara biyu, Red Hat da Rocky Linux da AlmaLinux kuma shekara goma suke ba kowace babbar siga. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka da zarar sabuwar siga ta fito muna sa ta a tebur a matsayin wadda aka yafe wa faɗuwa, amma da ranar da yafiyar za ta ƙare a rubuce a gefenta.

A waccan safiyar ta Litinin, shawarar da matashin ya fara kawowa ita ce mu karkatar da kwantenar zuwa vault.centos.org, inda ake adana tsofaffin ƙunshi, layin ya koma kore. Hakan yana aiki, kuma mutane da yawa shi suka yi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, jerin da ke cikin gwajin nan alkawari ne muka ɗauka. Duk wanda ya ga CentOS 7 a ciki kore, zai ɗauka mun yarda ya ci gaba da ɗora bayanan mutane a kanta, alhali daga jiya masu kula da ita sun daina toshe mata ɓarakar tsaro." Sai muka cire ta daga babban jerin, muka goge sunanta daga fayil ɗin meta da ke bayyana manhajojin da damin ke tallafawa, muka rubuta wa masu kwamfutoci uku da suka rage a kanta. Biyu daga ciki mun mayar da su Rocky Linux 9 a lokacin dogon hutu, bayan gwajin kwamfutar kwaikwayo ya kama mana jakunkuna biyu da ba su da tambarin SELinux. Ta ukun tana ɗauke da wata tsohuwar manhajar lissafin kuɗi da ba ta tashi a sabuwar siga, don haka muka cire ta daga intanet, muka bar ta a layin cikin ofis kaɗai, muka ware mata reshen dami na daban wanda aka ɗaure a ansible-core 2.16, kuma wannan reshe ne kawai ke amfani da rumbun tsofaffin ƙunshin da waccan tsohuwar kwamfutar gwaji.